Kofin Ruwan Ɗaki Na Sha Biyu

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sassauta, ga ni na zo. Ke kuma da kika rubuto cewa Joelle baiwar Allah ce, ni ce mai mugun zato, gyara zama, yau da ke nake.

Waɗanda suka shigo yau kuma, ni ce Noemi Zepeda, ɗalibar ajin ƙarshe a jami'a nan Toledo. Wata takwas ke nan duk Asabar ina aikin sa kai a gidan kula da tsofaffi, saboda makarantar koyon likitanci ba ta kallon takardunka sai ta ga awannin da ka yi kusa da marasa lafiya, da wasiƙar shaida daga wanda ya sa maka ido. Tawa wasiƙar tana hannun Misis Dubicki, shugabar masu sa kai, kuma ranar Juma'ar nan ake rufe karɓa.

Ranar Litinin da ƙarfe uku ta kira ni ofishinta.

Tun daga ƙofa na sha jinin jikina. Matar da kullum take turo min kwanon alewa kafin na zauna, yau kwanon yana can bayanta kan kabad.

"Zauna, Noemi."

Na zauna.

"Kin zo ranar Asabar?"

Na ce, "Eh."

Ƙarya nake. Ranar Asabar ina can wani gefen gari ina rubuta jarrabawar gwaji tun takwas na safe har uku. Katina na shiga aiki na ba Joelle Pruitt, ƙawata da muke gida ɗaya, ita ma mai sa kai ce a can, na ce ta dangwala min a na'urar bakin ƙofa da tara, ta koma ta dangwala da ɗaya, awa huɗu su shiga. Kar ku zaro min ido, kusan kowa a cikinmu yana yi. Ni ma sau biyu na yi mata. Abin da ba a yi shi ne a kama ka.

Misis Dubicki ta gyara gilashinta.

"Mene ne doka ta farko a gidan nan?"

"Mai sa kai ba ya ba mara lafiya abinci ko ruwa."

"Ko da ya roƙa?"

"Ko da ya yi kuka."

"Takarda mai ruwan ɗorawa a saman gado fa, me take nufi?"

"Maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai. Sai ruwan da nas ta kaɗa wa gari ya yi kauri."

"Madalla. To ranar Asabar, sha ɗaya saura, nas ta tarar da Mista Tackett yana tari har fuskarsa ta yi shuɗi. Ga kofin takarda a kan ƙirjinsa, da ruwan famfo a ciki. Ruwan ya sauka huhunsa. Tun daren Asabar yana asibiti."

Na dafe gefen tebur.

Mista Orval Tackett, ɗaki na sha biyu. Tsohon direban jirgin ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, idonsa kuma sai dai ya ga inuwa. Shi nake karanta wa sakamakon wasan ƙwallon sanda a jarida duk Asabar, yana zagin 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan cikinsa.

"Yana raye?"

"Yana raye. Likitoci ba su ce komai ba tukuna." Ta zuba min ido. "Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali, ba shi ya tashi ya je famfo ba."

"Ni ban..."

"Dakata."

Ta turo min takarda. Irin wadda ake maƙalawa a ƙofar kowane ɗaki ce, duk wanda ya shiga ya rubuta suna da lokaci. Layi na uku aka rubuta: Noemi Z., goma da minti arba'in.

Na ƙura wa rubutun ido. Ba hannuna ba ne, amma wanda ya yi shi ya san hannuna. Har ɗan layin da nake ratsa wa Z a tsakiya an ratsa.

"Na'ura ta ce katinki kaɗai ya shiga ɓangaren nan ranar. Takarda ta ce kin shiga ɗakin. Ke kuma yanzu da bakinki kin ce kin zo. Akwai abin da ban sani ba?"

Akwai mana. Amma in na ce ban zo ba, na amsa cewa awannina na jabu ne, wannan kuma kai tsaye jami'a za a kai shi, a liƙa a fayil ɗina, kowace makaranta ta gani. In na ce na zo, to ni na shayar da tsoho ruwa.

"Gobe ƙarfe biyu," ta ce. "Ki zo da bayani a rubuce. 'Yarsa za ta zo, tana son ganin fuskarki."

Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Wasiƙarki na gama ta tun Alhamis. Tana cikin durowar nan. Ban taɓa rubuta wa ɗaliba mai kyanta ba."

Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

* * *

Biyar ta ɗan gota na isa gida. Joelle tana kicin da faifan fiza a gabanta, ƙafa ɗaya kan kujera, tana latsa waya.

"A'a, likita bokan Turai! Yau an dawo da wuri. Ga fiza, amma na cinye gefen da ya fi cuku, ki yi haƙuri."

Ban kula fizar ba. Idona yana kan rigata, shuɗiyar falmaran ta masu sa kai, an wanke ta an shanya a bayan ƙofa. Joelle da sai kayan wankinta sun kai mata gwiwa take tuna akwai injin wanki a duniya.

"Wa ya wanke min riga?"

"Ni mana. Laifi ne?"

"Ai kati na ba ki, ban ba ki riga ba."

"Kofi ya zube mata a mota. Ke wai lafiya? Kin shigo kina muzurai kamar 'yar sanda."

Na ja kujera na zauna ina fuskantarta.

"Joelle, ranar Asabar me kika yi da katina?"

"Abin da kika ce. Na dangwala da tara, na tafi wajen motsa jiki, na dawo da ɗaya na dangwala. Ko godiya ba ki yi min ba ma."

"Ba ki shiga ciki ba?"

"In shiga in yi me? Ranata Laraba ce, kin sani. Sau ɗaya a mako ma warin wurin nan ya ishe ni."

"Wani tsoho ya sarƙe da ruwa. Yana asibiti."

Hannunta ya tsaya cak a kan fizar, na daƙiƙa ɗaya, sannan ta ɗauka.

"Ayya, Allah sarki. Ai nas ɗin nan su ma sakaci gare su. Mutum kamar na ɗaki sha biyu ai bai kamata a bar shi shi kaɗai ba."

"Na ce miki ɗaki na sha biyu ne?"

"Kin ce mana."

"Ban ce ba."

"To shi kike yawan magana a kai! Mista Tackett kaza, Mista Tackett kaza, har na haddace. Wa kuma zan kawo a rai?"

Amsar ta zauna daidai, shi ya sa ma ban yarda da ita ba. Shekara uku muna gida ɗaya, na san Joelle in tana faɗin gaskiya kame-kame take yi. Ƙarya ce kaɗai take fito mata santal, ba gargada.

"An sa min hannu a takardar ƙofarsa."

"To ni me ya shafe ni? Wata ce cikin nas ɗin take son rufa wa kanta asiri."

"Nas ta san yadda nake rubuta Z?"

"Noemi, sunanki yana kan kowace takarda a gidan nan wata takwas. Ki bar ni in ci abinci don Allah."

Na zuba mata ido tana tauna. Sai wani abu ya faɗo min.

Duk mai neman makarantar likitanci sai ya haɗa da rubutu na shafi ɗaya, ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa da ya sa yake son aikin. Wata biyu Joelle tana kuka da wannan rubutun. Ita a ɗakin wasanni aka ajiye ta, tana kiran lambobin bingo, wasan canki-canki na tsofaffin. "Me zan rubuta?" kullum take cewa. "Na kira lamba ashirin da bakwai, wata tsohuwa ta ci gwangwanin biskit, daga nan na san an haife ni don in zama likita?" Har hawaye ta taɓa yi min a kan teburin nan.

Amma jiya Lahadi da safe, kafin in san abin da ya faru, ta fito daga ɗaki tana rawa, wai ta gama a zama ɗaya. Ta turo min in duba mata, ni kuma gajiyar jarrabawa ba ta bar ni na buɗe ba.

Na ciro wayata.

"Me kike nema?"

"Rubutunki. Ai kin ce in duba miki."

Fizar ta faɗo daga hannunta.

"Bar shi, na riga na gyara. Wannan tsoho ne."

"Ba komai, zan duba tsohon."

"Na ce ki bar shi!"

Ta kawo wawura, na miƙe na koma bayan tebur. Na fara karantawa da ƙarfi.

"Wata safiyar Asabar na shiga ɗakin wani dattijo da zan kira Mista T. Leɓensa ya bushe ya tsattsage. Ya laluba ya kama hannuna, ya ce, 'yata, ruwa, na ainihi, ko maƙurwa ɗaya. Na san akwai doka. Amma a wannan lokacin na fahimci cewa likita na gari shi ne wanda yake jin muryar mutum kafin ya ji ta takarda..."

"Ya isa."

"...Da na kai kofin bakinsa, murmushin da ya yi min..."

"Na ce ya isa, Noemi!"

Na ajiye wayar.

"Murmushi? Kin tsaya kin ga abin da ya biyo bayan murmushin?"

Ta zame ta zauna, ta dafe kai.

"Ya ɗan yi tari. Kaɗan. Ya ce min lafiya lau, in je. Na rantse da Allah da na fita yana numfashi."

"Kin kira nas?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Joelle, kin danna ƙararrawa?"

"Da katinki a wuyana? In nas ta zo ta ga fuskata da sunanki fa? Ke nake karewa!"

"Ni kike karewa, shi ya sa kika rubuta sunana a ƙofa."

"Wata mai shara tana tsaye tana kallona, dole in rubuta wani abu. In rubuta nawa, alhali na'ura ba ta san na shigo ba?"

"Me ya kai ki ɗakin tun farko?"

Ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Ke ba za ki gane ba. Ke kina da labari. Mamarki tana goge ofisoshi, ke ce ta farko a gidanku da ta shiga jami'a, ga tsoho makaho yana sonki. Kowa ya karanta naki sai ya share hawaye. Ni fa? Babana likitan haƙori, mamata likitar yara, yayana yana shekara ta uku a makarantar likitanci. Me zan ce musu? Minti goma kawai na so in zauna da shi in samu abin rubutawa. Shi ya roƙe ni. Sau uku ya roƙe ni."

"Ni kullum yake roƙo."

"To ke zuciyarki dutse ce."

Tsoho yana can da bututu a hanci, ita kuma ta samu shafi ɗaya.

"Goge shi za ki yi," na ce, "ki bi ni gobe ki faɗa da bakinki."

"Na riga na tura."

"Kin tura ina?"

"Makarantu goma sha huɗu. Jiya da yamma. Ba ya dawowa."

Ta share fuska, ta jawo kujerarta kusa da ni. Muryarta ta sauya, ta koma irin wadda take yi in tana lallashin malami ya ƙara mata maki.

"Saurara, 'yar uwa. Mu yi lissafi da hankali. In kika faɗi maganar kati, mu biyu mun tafi. Ƙarya a takardar nema ce, ba makarantar da za ta sake kallonmu har abada. Amma in kika ce ke ce, tausayi ya ɗebe ki kika ba shi, kuskure ne. Za su hana ki wasiƙa, su sallame ki, shi ke nan. Baɗi ki nemi wani wuri ki sake tara awanni. Shekara ɗaya ce kawai."

"Shekarata."

"Da shekara ɗaya da rayuwa gaba ɗaya, wanne ya fi? Zan sa mamata ta samo miki wuri a asibitin da take aiki. Har wasiƙa za ta rubuta miki."

"In ya mutu fa?"

Ta kau da kai.

"Ba zai mutu ba."

Na ɗauki wayata na shige ɗaki na murza makulli. A shekara uku ban taɓa kulle ƙofar nan ba.

* * *

Washegari da na fito, Joelle ba ta nan. Gadonta a gyare, wani abin da shi ma ban taɓa gani ba. Na kira ta sau huɗu, ba ta ɗauka ba.

Mamata ta kira ni daga wajen aiki tana tambayar ko an ba ni wasiƙar, wai ta riga ta gaya wa matan cocinsu su zo cin tamale, abincinmu na biki, ranar Lahadi. Na ce mata saura kaɗan.

Takarda biyu na saka a jaka. Ɗaya ta ce na zo ranar Asabar, na ba shi ruwa, ina neman afuwa. Ɗayar ta ce ban zo ba, na haɗa da rubutun Joelle da shaidar wurin jarrabawa mai ɗauke da lokacin shigata da fitata. Har na hau bas ban san wadda zan ciro ba. Ku zage ni in kuna so, haka abin yake.

A ofis na tarar da wata mata mai furfura a gefen kai, sanye da rigar aikin kanti, jakarta a kan cinya ta rungume. Kamar Mista Tackett ya yi kaki.

"Wannan ita ce Darlene, 'yarsa," in ji Misis Dubicki.

Na gaishe ta. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kafin ki ce komai, Noemi, gara ki sani. Joelle Pruitt ta zo nan da ƙarfe takwas."

Na ji wani ɗan sanyi a raina. Ashe dai tana da sauran imani.

"Ta zo tana kuka. Ta ce ranar Asabar da yamma kin dawo gida kin ba ta labarin yadda kika shayar da Mista Tackett. Ita kuma labarin ya burge ta, ta ɗauka ta mai da shi nata a rubutun neman makaranta. Ta kawo min rubutun da kanta. Ta ce laifinta satar labari ne, kuma ba za ta iya ci gaba da rufa miki ba."

Ta ɗaga takardar. Shi ne dai rubutun da ke cikin jakata.

Makamin da na zo da shi, Joelle ta riga ni kawo shi, ta juya bakinsa ya kallo ni. Ashe gyaran gadon nan na sallama ne.

"Ƙarya take yi," na ce. Muryata ko ni ban gane ta ba.

"To me ya faru?"

Darlene ta yi magana karon farko.

"Kullum in na zo sai ya ce min Noemi ta ce kaza, Noemi ta karanta min kaza. Har kyautar Kirsimeti na saya miki ban ma san fuskarki ba. Ke ɗaliba ce, an ce likita za ki zama. Ba ki iya karanta takarda mai ruwan ɗorawa ba?"

"Ranki ya daɗe, ni..."

"Kin san yadda ake zuƙe ruwa daga huhun mutum? Jiya na gani. Shekararsa tamanin da huɗu."

Na zura hannu a jaka. Yatsuna suka taɓa takardun biyu. Ta farko a sama take, ta biyun tana ƙasa da ɗan ƙarfen maƙala a jiki.

Wayar Darlene ta yi ƙara.

Ta duba, ta miƙe zumbur.

"Asibiti ne. Mijina yana wurinsa." Ta kara a kunne. "Me? Yaushe? Yana magana?" Ta toshe baki da hannu, hawaye suka zubo mata. "An cire masa bututun. Ya farka."

Misis Dubicki ta sauke ajiyar zuciya.

"Juyo min da shi in gan shi," in ji Darlene. Ta mai da kiran na bidiyo, ta jingina wayar da kwanon biro a kan tebur.

Ga shi nan. Ya rame, fuskar ta zama kamar takarda, amma girar nan tasa tana nan a murtuke.

"Baba, ni ce. Yaya jikin?"

"Sun hana ni kofi," ya ce, murya a dishe. "'Yan banza."

Darlene ta yi dariya cikin kuka. Sannan ta haɗe rai ta kalle ni.

"Baba, ga yarinyar da ta ba ka ruwa nan a gabana."

"Wace?"

"Noemi."

Ana jin ƙarar wata na'ura a bayansa, ɗif, ɗif.

"Ke yarinya, kina nan? Yi magana in ji."

Na matso kusa da wayar.

"Sannu, Mista Tackett."

"Yauwa, wannan ita ce Noemi." Ya yi tari, aka ɗan ɗago shi. "Wa ya ce ita ta ba ni? Wannan? Wata takwas ina roƙon yarinyar nan ruwa. Na yi lallashi, na yi zagi, na ce zan bar mata agogona. Sai ta ce, a'a Mista Tackett, bari in kira nas. Taurin kai kamar tsohon birki."

"Baba, amma sunanta..."

"Waccan ta ce min ita ce Noemi. Ni makaho ne, ba kurma ba. Ina jin baƙuwar murya na ce yau ranata ce, wannan ba ta san ni ba. Ni na yaudare ta. Ku rabu da yarinyar mutane."

Darlene ta juyo ta dube ni, bakinta a buɗe. Hawayen da nake riƙewa tun jiya suka ɓalle. Na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

Sai ya ci gaba.

"Ai Noemi ba ta ma zo ba ranar Asabar."

Misis Dubicki ta juyo ta kalle ni.

"Na sa an ajiye mata jarida a kan tebur tun safe. Mun ci wasa ranar Juma'a, na so ta karanta min sau biyu. Duk takun da na ji sai in ce ga ta nan. Har aka kawo abincin rana ba ta zo ba." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Lafiya dai ko, yarinya? Na ce wa nas ba halinki ba ne, sai dai in ciwo kike."

Takarda biyu na rubuta, dare da safiya ina auna wadda za ta cece ni, ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa ya jira ni.

Misis Dubicki ta cire gilashinta ta ajiye. A hankali ta jawo durowa, ta ciro farin ambulan da sunana a bayansa, ta ɗora a tsakiyar tebur, ta dafe shi da tafin hannu. Da ɗaya hannun ta juyo min fuskar kwamfutarta.

Noemi Zepeda. Asabar. Shiga, tara daidai. Fita, ɗaya da minti biyu.

Ta gangara ƙasa kaɗan. Joelle Pruitt, wata Laraba a watan Maris. Ta sake gangarawa. Wata Larabar a watan Afrilu.

"Tun da safe nake kallon ranakun nan biyu," ta ce. "Na tuna ni na kira lambobin bingo da kaina, don Joelle ba ta zo ba. Amma katinta ya zo."

Daga cikin wayar Mista Tackett yana cewa, "Noemi? Kin yi shiru. Asabar mai zuwa za ki zo ko?"

Misis Dubicki ba ta ɗauke hannunta daga kan ambulan ɗin ba.

"Amsa masa," ta ce. "Sannan ki amsa min."